Haɗa Labarin Ƙasa da Faransanci a Jami'a: Lissafin da Ya Kamata Ɗalibin Sakkwato Ya Yi

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karyo ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni ya faɗa Rima. Ruwan da ya kwaso a wannan zagaye yana cikin abin da ke taruwa a madatsar Goronyo. Duk ɗalibin labarin ƙasa da ya tashi nazarin ambaliya a Sakkwato, irin ta watan Satumba na 2010 da ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, dole ya nemi sanin yawan ruwan saman da ya sauka a wancan ɓangaren. Alƙaluman suna nan, an auna su an adana, amma da Faransanci aka rubuta su.

Haka abin yake da tafkin Kalmalo na Illela. Ruwansa daga kwarin Maggiya yake gangarowa, kuma a kan Maggiya ne Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani na Birnin Kwanni. Wanda zai yi bayanin abin da ya sa tafkin ke ja baya, bai san me ake tarewa a sama ba, rabin labari kawai ya riƙe. Gwamnatocin ƙasashen biyu sun san da haka, shi ya sa suka rattaba hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar rabon ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa, Maggiya da Gulbin Maraɗi na ciki.

A ƙarƙashin ƙasa ma haka. Duwatsun da rijiyoyin burtsatse na Sakkwato ke zuƙo ruwa daga cikinsu gefe ne na wani babban kwano da ake kira Iullemmeden, wanda ya shimfiɗu har Mali, kuma mafi yawansa a Nijar yake. Shimfiɗar da littattafanmu ke kira Gwandu, masanan Nijar Continental Terminal suke ce mata. Wadda muke kira Gundumi da Illo, su suna sa ta cikin Continental Intercalaire. Dutse ɗaya ne, ruwa ɗaya, suna biyu. Ɗalibin da bai san wannan ba zai yi ta bincike a intanet da sunan Gwandu, ya sami ɗan abin da ya samu, ya rubuta a kundinsa cewa ba a yi aiki sosai kan wannan fanni ba, alhali an yi shekaru ana yi a ɗaya harshen.

Wannan ne dalilin da ya sa muke ganin haɗa labarin ƙasa da harshen waje yana da nauyi a Sakkwato fiye da yawancin garuruwan Najeriya. Daga cikin gari zuwa Illela ba a kai kilomita 100 ba, daga Illela zuwa Kwanni kuwa ɗan taƙi ne. Manyan cibiyoyin da ke tattara bayanan yanayi da ruwa da amfanin gona na yankinmu a Yamai suke: cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, da hukumar kula da kwarin Kogin Kwara mai ƙasashe 9, da hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da ke aiki tun 1971.

Za a ce, ai da Hausa ana zagaye Kwanni da Tawa da Maraɗi da Damagaram ba tare da tafinta ba. Gaskiya ne, kuma babbar dama ce da ɗalibin Ibadan ko Nsukka ba shi da ita. Har ma a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. Sai dai Hausar tana kai mutum ga manomi da ɗan kasuwa da mai gari ne. Da ya shiga ofishin noma ko na ƙididdiga ya ce a ba shi rahoto, takardar da za a miƙo masa da Faransanci take, kuma abin da aka tara tun zamanin mulkin mallaka ba wanda zai fassara shi nan kusa.

A Ingila akwai digiri na haɗin gwiwa da aka tsara tun daga farko: ɗalibi ya nemi gurbin labarin ƙasa da Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci, karatun shekara 3 ya zama 4, shekara ta uku ya yi ta a ƙasar da ake magana da harshen. A jami'o'inmu abin da aka saba shi ne digiri a fanni guda. JAMB darussa 4 take ba ka, Ingilishi na dole, kwas ɗaya kake cikewa, sashe ɗaya ke ɗaukarka. Labarin ƙasa galibi yana tsangayar nazarin zamantakewa ko ta kimiyya, Faransanci da Larabci suna tsangayar fasaha. Saboda haka haɗin a nan ɗalibi ne ke ƙulla shi da hannunsa, kuma a nan ne lissafi ke shigowa.

Yunit ɗaya a jami'a awa ɗaya ce ta lacca a mako, tsawon mako 15. Kwas ɗin zaɓi mai yunit 2 awa 30 ke nan a takarda. A zahiri, in aka cire makon rajista da na bita da ranakun hutu, da wuya a wuce awa 24. A ce ɗalibi ya yi sa'a ya ɗauki kwas ɗin Faransanci a kowane zango daga aji ɗaya har aji huɗu, zango 8, iyakarsa awa 240. To jarrabawar DELF, wadda ake auna iya Faransanci da ita, ta raba iya harshe mataki-mataki daga A1 zuwa B2. Kaiwa B1, inda mutum zai bi hira ta yau da kullum ya rubuta wasiƙa, yana cin awa 350 zuwa 400 na koyo. B2, wanda shi ne ake nema kafin a zauna ajin jami'a da Faransanci, yana cin wajen awa 600. Ko makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, mai koyarwa cikakken yini, awa 600 zuwa 750 take ware wa Faransanci. Wato kwasa-kwasan zaɓi su kaɗai, ko an ɗauke su duka, a A2 suke ajiye mutum: ya iya gaisuwa da ciniki, amma rahoto mai shafi 40 ya fi ƙarfinsa. Yawancin waɗanda ke rubuta a takardar neman aiki cewa suna jin Faransanci a nan suka tsaya, kuma tambaya biyu a wajen intabiyu ke tona su.

Cike wannan giɓi yana buƙatar awa 5 a mako, mako 45 a shekara, shekara 3. Awa 675 ke nan. Biyu daga cikin biyar ɗin na aji ne, sauran ukun na ɗalibi ne shi kaɗai, kuma raba su minti 30 kullum ya fi tara su ranar Asabar amfani nesa ba kusa ba. Mako 45 na nufin har da lokacin hutu da lokacin yajin aiki. Harshe ba ya jiran a koma makaranta. Wata 3 ba a taɓa shi ba a matakin farko, sai an sake gini kusan daga tushe.

Sannan akwai iyakar rajista. Ba a wuce yunit 24 a zango, ba a gaza 15. A aji ɗaya da aji biyu akwai ɗan sarari. A aji uku kwasa-kwasan dole na sashe suna cika wurin: zanen taswira, GIS (sarrafa taswira da bayanan ƙasa a kwamfuta), nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, ƙididdiga, fita aikin fili. Wanda ya shigo aji uku da kariyoba ko guda biyu, kwas ɗin harshen ne farkon abin da zai sauke. Jadawali ma yana karo, domin tsangayoyi biyu ba sa zama tare su tsara lokaci, kuma aikin ɗakin taswira na rana yakan ci awa 3 a jere. Wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: kwasa-kwasan sashen Faransanci an gina su ne don masu digiri a harshen, waɗanda suka zo da kiredit ɗinsa daga sakandare. Ɗan labarin ƙasa da bai taɓa yi ba ya faɗa kwas ɗin adabi ko nahawu mai zurfi, sai ya fito da D ko E, sakamakon jimilla ya sauka. Kafin rajista a je a ga malamin kwas ɗin da mai kula da aji, a tambaya ko kwas ne na masu farawa, kuma ko makinsa zai shiga lissafin digiri. In ba na masu farawa ba ne, ya fi a nemi izinin zama a saurara ba tare da rajista ba.

Taura biyu ba ta taunuwa, don haka dole ɗaya ya zama gindi, ɗaya reshe. Ra'ayinmu shi ne labarin ƙasa ya zama gindin. Dalili kuwa, harshe yana da jarrabawar waje da ake karɓa ko'ina. DELF ana zana ta a cibiyoyin Faransanci irin na Kano da Abuja, takardarta ba ta tsufa, kuma ba ta tambayar wane digiri ka yi. Labarin ƙasa ba shi da irin wannan ƙofa ta gefe. Wanda ya yi digirin Faransanci, ya yi shekararsa ta uku a ƙauyen koyon Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991, zai fito da harshe mai kyau ƙwarai, kuma yana iya ƙarawa da babbar difloma ta GIS daga baya. Amma sau da yawa irin wannan ɗalibi ya rabu da lissafi tun sakandare, ƙididdiga da ilimin ruwa da na yanayi sai su zame masa dutse. Hanya ta uku ita ce ta NCE, inda tsarin tun asali darussa biyu ake haɗawa, sannan a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wannan ta dace da mai son koyarwa, in kwalejin tana ba da haɗin a shekarar. A tambaya kafin a cike fom.

Abin farin ciki ga ɗan labarin ƙasa shi ne karatu yake fara buƙata, ba magana ba, kuma karatun Faransancin kimiyya yana zuwa da sauri ga wanda ya iya Ingilishi, domin kalmomin fanni da yawa tushensu ɗaya. Saboda haka tun zango na biyu a fara karanta abin fannin. Rahotannin damina na AGRHYMET suna da taswira da jadawali masu taimaka wa fahimta, kuma jimlolinsu suna maimaituwa daga wata zuwa wata. Sakin layi ɗaya a rana, da ƙamus, da littafin rubuta kalmomi mai layi uku: Faransanci, Ingilishi, Hausa. Don kunne kuwa, gidan rediyon Nijar yana karanta labarai da Faransanci da kuma Hausa. Sauraron labari ɗaya a harsunan biyu darasi ne kyauta. Kuma a Sakkwato ba a rasa ɗalibai da 'yan kasuwa mutanen Nijar da suka yi boko. Matsalar kawai, da an gaisa hira take zamewa Hausa, sai an yi yarjejeniya tun farko cewa minti 20 na farko ba Hausa.

Inda aikin ke ɓaci a zahiri ƙananan abubuwa ne, kuma na'urar fassara ta waya ba ta kama su. Faransawa da waƙafi suke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, dubbai kuma da sarari. In rahoto ya ce zurfin ruwa 1,250 m, mita ɗaya da kwata yake nufi. Ɗalibi ya kwafe shi cikin Excel ɗin da aka saita da Ingilishi, sai ya koma mita dubu da ɗari biyu da hamsin, ko kwamfuta ta ɗauke shi rubutu ta tsallake shi wajen fitar da matsakaici ba tare da ta yi gargaɗi ba. Biliyan ɗinmu milliard ne a wurinsu, kalmar billion kuwa a Faransanci tiriliyan ce. Kalmar hivernage daga sunan lokacin sanyi ta fito, amma a Sahel damina take nufi. Soudure a ƙamus walda ce, a rahoton abinci kuwa watannin nan ne da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Contre-saison noman rani ne, mil gero ne, niébé wake. Rabon mulki ma bai dace da namu kai da kai ba: Nijar tana da région 8, ƙarƙashinsu département, ƙarƙashinsu commune, kuma wanda ya kwatanta yawan jama'ar commune da na ƙaramar hukuma yana auna tiya da buhu ne.

Sunayen garuruwa Hausa ce da aka rubuta da kunnen Bafaranshe. Ou tana tsaya wa u ko w, tch tana tsaya wa c, dj tana tsaya wa j. Tahoua ita ce Tawa, Tessaoua Tasawa, Dogondoutchi Dogon Dutse, Madaoua Madawa, goulbi gulbi. Wanda ya gane wannan ƙa'ida cikin awa ɗaya zai karanta taswirar kudancin Nijar kamar ta gidansu. Wanda bai gane ba zai haɗa jadawali biyu a manhajar taswira ta QGIS, ƙauye ɗaya ya fito masa biyu.

Taswirar kanta tana da nata tarko. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, na'urar GPS kuma da wani ma'auni daban mai suna WGS 84 take aiki. In ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba, rijiya tana matsawa mitoci gommai daga inda take. Birnin Sakkwato da Kwanni suna shiyya ta 31 a tsarin UTM da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, amma Isa da Sabon Birni da Maraɗi sun tsallake layin digiri 6, suna shiyya ta 32. Mafi muni shi ne takardun Faransawa na farkon mulkin mallaka, masu ƙirga gabas da yamma daga Paris maimakon Greenwich. Bambancin digiri 2 da minti 20 ne, wanda a daidai inda muke ya kai wajen kilomita 250. Kuma waɗannan takardu ba na ƙyalewa ba ne. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana iyaka a matsayin baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da ya sa Kwanni a hannun Ingilishi. Faransawa suka koka cewa hanyarsu zuwa Damagaram ba ruwa, aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo layin kudu, sannan tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa ta kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Bayanan rijiyoyi da ƙauyuka da hanyoyi da ɓangaren Tilho ya tattara da Faransanci aka buga su.

Ko Hausar da muke taƙama da ita tana buƙatar kula a aikin fili. A Nijar dala tana nufin sefa 5, don haka manomi in ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Jika a wurinsu sefa 1,000 ce, alhali jakar da dattawanmu suka sani naira 200 ce. Hatsi da dami da tiya ake faɗarsa, sai mai bincike ya auna tiyar kasuwar da sikeli kafin ya juya zuwa kilo. Gona kuma hekta suke rubutawa, hekta ɗaya eka 2.47 ce. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, naira kuwa tana yawo, saboda haka duk kwatancen farashin albasa ko gero tsakanin Illela da Kwanni dole ya faɗi ranar da aka ɗauki canji da kuma wace kasuwa.

Larabci maganarsa daban ce, kuma Sakkwato tana da jarinsa. Ɗalibai da yawa suna shigowa jami'a da Larabcin zaure da na Islamiyya wanda wani zai yi shekaru kafin ya samu. Waccan makarantar jami'an diflomasiyyar Amurka awa 2,200 take ware masa. Amfaninsa a fannin ya fi ƙarfi a tarihin ƙasa: yadda aka kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, hanyoyin fatauci, tsofaffin sunayen wurare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fara littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Takrur, kuma Baturen nan matafiyi Clapperton ya koma da taswira daga fadarsa bayan ziyarar 1824. Mai shiga rubuce-rubucen da ke cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu sai ya saba da rubutun Magariba, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Sunan gari ba wasali yana iya karantuwa hanya biyu ko uku, nisa da kwanakin tafiya ake faɗarsa, shekara kuma ta Hijira ce mai kwana 354. Wanda ya riga ya riƙe Larabci, ƙara Faransanci a kai yana buɗe masa Chadi, inda harsunan biyu ne na hukuma kuma hedikwatar hukumar Tafkin Chadi take.

Kundin aji huɗu shi ne inda haɗin ke nuna kansa, kuma a nan ake yawan yin ganganci. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, ga kuma matsalar tsaro a gabashin jihar da wasu yankunan bakin iyaka. Kada a gina kundin da ba zai kammalu ba sai an tsallaka. A tsara shi yadda aikin fili zai kasance a ɓangarenmu, ɓangaren Nijar kuma ya dogara da rahotanni da hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da Sentinel da ake saukewa kyauta. Misali mai kyau shi ne kwatanta yawan itatuwan gona. Manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 ta hanyar barin tohon gawo da sauransu a gona, abin da suke kira sassaben zamani, rahotanni kuma suke kira RNA. Ƙasa iri ɗaya, ruwan sama kusan ɗaya, mutane ɗaya, dokar daji da tsarin mallakar itace daban. In hanya ta buɗe kuma malami mai duba kundi ya yarda a tsallaka, a riƙe wasiƙar sashe da fassararta ta Faransanci, a fara da ofishin magajin gari kafin mai gari, kuma kada a fito da GPS ko a ɗauki hoto kusa da shingen jami'an tsaro.

Game da aiki, kada a yaudari kowa. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da hukumar iyakoki, da ta Babbar Ganuwar Itatuwa, da kwastan, da ƙungiyoyin agaji masu aiki a Sahel, duk suna da gurbin mai harshe biyu, amma abin da suke fara dubawa shi ne ko mutum ya iya fitar da taswira mai tsabta da lissafi mai inganci. Harshen yana raba gardama ne tsakanin mutum biyu da suka iya aikin. Inda ya fi tasiri shi ne ƙarin karatu: AGRHYMET tana ba da digiri na biyu, cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife tana koyarwa da Ingilishi da Faransanci, Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da tsohon sashen labarin ƙasa.

Sassan jami'o'inmu ma suna da abin yi, kuma dama ta samu. Manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fitar a Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na kwasa-kwasai ta tsara da kanta gwargwadon buƙatar yankinta. Cikin wannan kaso ana iya ware kwas 4 masu yunit 2, daga zangon farko na aji ɗaya zuwa ƙarshen aji biyu, na karanta Faransanci don 'yan labarin ƙasa, malamin harshe da malamin fanni su koyar tare, a sa su a jadawalin sashe don kada su yi karo. Jarrabawar zango na huɗu ta zama shafi ɗaya na rahoton damina da gefen taswirar Kwanni: ɗalibi ya ciro alƙaluman ruwan sama na tashoshi uku, ya juya su zuwa rubutunmu, ya nemo tashoshin a taswira, ya rubuta sunayensu da Hausa.